Turnitin a Teburin Editan Mujalla: Abin da Take Kamawa da Abin da Ke Sulale Mata

A yau da wuya malami ya miƙa muƙala ga wata mujallar ilimi a Bauchi ba a ce ya haɗo da rahoton Turnitin ba, wato manhajar da ke auna kashi nawa na rubutu ya yi kama da wanda aka riga aka rubuta. Daga Yelwa zuwa Gubi, daga Gwallameji har Gadau da Azare, tambayar ɗaya ce: "Kashi nawa ta ba ka?" In ya ce 14, a ce madalla. In ya ce 31, a ce je ka rage. A kan wannan lamba ake karɓar aiki ko a mayar da shi, kuma a kan irin waɗannan muƙalu ƙarin girman mutane ya rataya, don haka manhajar ta cancanci a zauna a yi mata kallon tsanaki.

Kamfanin na Amurka ne, an kafa shi a 1998, kuma kayansa iri biyu ne da mutane ke yawan cakuɗawa. Akwai Turnitin ta makarantu, wadda aka gina don aikin ɗalibai: malami ya buɗe aji, ya buɗe aikin gida, ɗalibai su zuba. Akwai kuma iThenticate, wadda aka yi don masu bincike da mawallafa, kuma ita ce mujallu ke samu ta hannun Crossref, ƙungiyar da ke yi wa muƙalun ilimi rajista, da sunan Similarity Check. Injin ɗaya ne kusan, amma akwai bambanci guda da ya fi komai muhimmanci ga edita. Ta makarantu tana iya ajiye duk abin da aka zuba mata a rumbunta, ta riƙa gwada ayyukan gaba da shi. iThenticate ba ta zuba muƙalar da aka duba cikin rumbun da kowa ke gani. Yawancin rigimar da ake yi a nan daga wannan bambanci take tasowa, za mu dawo kansa.

Aikinta a fili yake. Ka ba ta fayil na Word ko PDF da bai kai megabait 100 ba, bai wuce shafi 800 ba, kuma yana da aƙalla kalma 20. Sai ta tsinka rubutun, ta gwada shi da shafukan intanet, da muƙalun mawallafan da suka ba ta izini, da ayyukan ɗalibai da aka taɓa ajiyewa. Cikin 'yan mintoci, in sabis bai yi gardama ba, rahoto ya fito. A hagu ga muƙalar, an shafa wa wasu jimloli launi, kowane launi da lambarsa. A dama ga jerin wuraren da aka samu kamanni, na sama shi ne mafi yawa. A can ƙoli ga lambar da kowa ke tsoro. A tsarin da aka saba da shi, shuɗi na nufin ba a samu komai ba, kore har zuwa kashi 24, rawaya 25 zuwa 49, ruwan lemo 50 zuwa 74, ja kuma daga 75 zuwa sama.

A wannan aiki ba ta da na biyu, gaskiya ce. Sakin layin da aka kwafo daga wata muƙala ta Elsevier ko Springer, ko daga kundin da wata jami'a ta ɗora a intanet, za ta zaƙulo shi ko da an canja kalma biyu ko uku a ciki. Aikin da zai ci wa mai tantancewa mako guda yana laluben Google, ita ta gama shi kafin shayi ya huce. Kuma tana ba edita hujja a hannu: ga jimlar marubuci, ga ta asali, kafaɗa da kafaɗa. Wanda ya taɓa zaman sasanta rikicin satar fasaha ya san darajar wannan, domin ba a barin magana a kan "an ce".

Matsalar ita ce lambar. Kamfanin da kansa ya sha faɗa cewa kamanni take aunawa, ba hukuncin sata take yankewa ba, kuma bai taɓa ƙayyade wani kashi a matsayin halal ba. Mu ne muka ƙirƙiro iyakar, wasu 15, wasu 20, wasu 25, muka mayar da ita kamar makin cin jarrabawa. A ɗauki misali. Muƙala mai kalma 5,000 ta ba da kashi 12, ta fito kore shar. Kashi 12 kalma 600 ke nan, fiye da shafi guda. Idan duk daga wuri ɗaya suka fito, kuma a sashen tattauna sakamako suke, babu alamar ɗauko magana, babu ambaton mai ita, to wannan sata ce tsagwaronta, ga shi kuma ta haye. Wata muƙalar ta ba da kashi 30, amma da ka buɗe sai ka ga wurare 60 ne, kowane ya ba da rabin kashi: sunan tsangaya, taken ma'aikata, jerin manazarta, bayanin inda jihar Bauchi take a taswira da ƙananan hukumominta 20, sunayen sinadarai, da kalaman da kowane mai lissafin ƙididdiga ke amfani da su. Wannan marubuci bai ɗauki na kowa ba, amma shi aka kora. Masu aikin ɗakin gwaji sun fi shan wannan wuya, domin hanyar auna ruwan rijiya ko ƙasar noma ba ta da siga goma. Masu nazarin shari'a da addini ma haka, tunda ba a sake wa aya ko sashen doka kalmomi.

Don haka saita manhajar kafin a karanta rahoto wajibi ne, kuma abu ne na minti biyu. A cire jerin manazarta. A cire maganganun da ke cikin alamar ɗauko magana, amma a koma a duba su da ido, domin akwai mai sa rabin shafi cikin alamar don ya ɓoye. A cire ƙananan kamanni, misali abin da bai kai kalma 8 ko 10 a jere ba. Nan wajen akwai tarko: akwai zaɓin cire duk majiyar da ba ta kai wani kashi ba, kuma mai son zuciya yana iya sa kashi 3 ko 5, rahoto ya faɗo daga 40 zuwa 9. A shafin ƙarshe na rahoton da aka sauke ana rubuta abin da aka cire. Editan da ya karɓi shafin farko kaɗai, mai ɗauke da lamba, bai ga komai ba. Jerin manazarta ma ba ya fita sai manhajar ta gane takensa, shi ya sa muƙalar Hausa da ta rubuta "Manazarta" takan fito da jerin nata a shafe da launi duk da an ce a cire.

Mu dawo kan rumbu. Kamfanin ba ya sayar wa mutum ɗaya lasisin Turnitin, makarantu yake sayar wa. Amma a shagunan buga takardu da ke bakin makarantu, inda janareta ke ruri ana jiran layin bayindin, za ka ga an manna takarda cewa ana duba Turnitin. Abin da ke faruwa galibi shi ne mai shagon ya sayi damar shiga wani aji da aka buɗe da asusun wata makaranta, sau da yawa ta wata ƙasa. Idan an saita ajin a kan kada a ajiye, an tsira. Idan an bar shi a kan rumbun gama-gari, muƙalar ta shiga ke nan. Bayan mako biyu mujalla ta duba da nata asusun, rahoto ya fito ja wur, kashi 98, wai an kwafo daga aikin wani ɗalibi a jami'ar da marubucin bai taɓa jin sunanta ba. Aikinsa ne ya ci karo da kansa. Cire shi kuwa sai mai kula da asusun waccan makaranta ya nema, kai kuma ba ka san shi ba, mai shagon ma bai san shi ba. Ga marubuci wannan asara ce. Ga edita abin ya fi muni, domin muƙalar da ke hannunsa amana ce, sirri ce har sai an buga ta. Editan da ya zuba muƙalun mutane a filas ya aika yaro shago, ya karya ƙa'idar farko ta aikinsa kafin ya duba ko wani ya karya tasa.

Dabarun zille mata sun tsufa. Sa farin rubutu tsakanin kalmomi, musanya harafin boko da takwaransa na Rashanci mai kama da shi, mayar da sakin layi hoto: biyun farko manhajar tana ɗaga musu tuta a wani sashe na rahoton, na ukun kuma adadin kalmomi ke tona shi, domin muƙala mai shafi 18 ba za ta zama kalma 900 ba. PDF ɗin da aka yi da sikana hoto ne, ba ta karanta shi, don haka fayil na Word ya kamata edita ya nema. Wadda ta fi ɓarna yanzu ita ce manhajar juya kalmomi. Ana zuba mata sakin layin wani, ta musanya kowace kalma da mai kama da ita, lamba ta faɗi, ma'ana ta mutu. A 2021 Guillaume Cabanac na Jami'ar Tulus a Faransa da abokan aikinsa suka fallasa irin waɗannan azabtattun kalamai a muƙalun da manyan mawallafa suka buga: an mayar da "artificial intelligence" ta koma "counterfeit consciousness", an mayar da "big data" ta koma "colossal information". Turnitin za ta ba irin wannan kore. Masanin fannin da ya karanta layi uku zai gane akwai lauje cikin naɗi. Abin takaici, umarnin "je ka rage" shi ke tura mutane wajen wannan manhaja, har da masu gaskiya waɗanda rubutunsu lafiya lau yake kafin a taɓa shi.

Sai babban raunin da ya shafe mu kai tsaye: abin da ba ya cikin rumbunta ba ta san da shi ba. Kundayen digiri da na babbar difloma da ke jere a kantocin ɗakunan karatu, masu baƙin bango da rubutun ruwan zinare, yawancinsu ba su taɓa hawa intanet ba. Mujallun tsangayu da aka buga kwafi 200 aka raba a taro, haka. Takardun taron ƙara wa juna sani, haka. A nan kuwa aka fi yin ɗauka. Mutum zai sauko da kundin shekara 20 baya, ya canja sunan ƙaramar hukuma da shekara, ya samu kashi 6.

A rubutun Hausa abin ya fi haka. Rumbun Hausarta ƙarami ne, sannan ga matsalar haruffa masu lanƙwasa. Yawancin ayyukan sassan Hausa an buga su da tsofaffin salon rubutu irin su Rabi'at, inda a allo kake ganin "ƙasa" da "ɗaya" da "ɓangare", amma abin da kwamfuta ta ajiye a ciki shi ne "}asa" da "]aya" da "~angare". Wani kuma ya rubuta "kasa" babu lanƙwasa, na uku ya yi amfani da harafin yunikod na yanzu. A wajen inji waɗannan kalmomi uku ne daban, saboda haka jimla ɗaya da aka buga ta hanyoyi biyu tana iya kakkaryewa, kamannin ya ragu ko ya ɓace. Mujallar da ke karɓar muƙalun Hausa ta sa a ƙa'idarta cewa da yunikod za a turo, wannan kaɗai zai gyara abu mai yawa. Fassara kuwa ƙofa ce a buɗe. A ɗauko babi na Turanci ko na Larabci a mayar da shi Hausa ba a ambaci mai shi ba, rahoto zai fito fes. Ajami da littattafan Larabci da aka ɗauka a hoto ba a ma maganarsu.

A watan Afrilun 2023 kamfanin ya ƙara ma'aunin gano rubutun ƙirƙirarriyar basira irin ta ChatGPT. Wannan lamba daban take da ta kamanni, kuma ba ta zuwa da hujja. Ta kamanni tana nuna maka majiya ka je ka gani, wannan kuwa hasashe ne daga yanayin zubin jimloli. Tana buƙatar aƙalla kalma 300 na zube, ba ta aiki da Hausa, kuma kamfanin ya daina nuna ainihin lambar idan ta gaza kashi 20 saboda yawan kuskure a wannan tsakani. Jami'ar Vanderbilt ta Amurka ta kashe nata a watan Agustan 2023. A shekarar ne kuma masu bincike a Jami'ar Stanford suka gwada wasu manhajoji 7 na irin wannan aiki, ban da Turnitin a cikinsu, suka tarar sun ɗauki fiye da rabin rubutun waɗanda Turanci ba harshen uwarsu ba ne a matsayin na inji. Malaminmu da ya koyi Turanci a aji, yake rubuta shi a tsanake da jimloli masu bin ƙa'ida, shi ne irin wanda ake zalunta. A ganinmu bai halatta a ƙi muƙala a kan wannan lamba kaɗai ba. Matsayin da kwamitin ɗa'ar wallafa na COPE ya ɗauka a 2023 ya fi amfani: inji ba ya zama marubuci domin ba ya ɗaukar alhaki, wanda ya yi amfani da shi ya bayyana inda ya yi da yadda ya yi. Hanya mafi sauƙi ta kama mai ɓoyewa ita ce a zaɓi manazarta 5 a neme su. In biyu babu su a duniya, magana ta ƙare.

COPE ɗin nan, kwamitin ɗa'ar wallafa da editoci suka kafa a Ingila a 1997, ita ce ke da abin da Turnitin ba ta da shi, wato me za a yi bayan an ga kamanni. Jadawalinta kyauta ne. Ta raba tsakanin kwafar 'yan gajerun kalamai da kwashe babban yanki na rubutu ko bayanai. A na farko, a rubuta wa marubuci cikin lafazi mai taushi, ya gyara ko ya sa alamar ɗauko magana, a ci gaba da tantancewa. A na biyu, a rubuta masa tare da hujja, a saurari bayaninsa. In bai gamsar ba a ƙi muƙalar, a sanar da duk waɗanda sunansu ke kai, a duba yiwuwar sanar da makarantarsa. In kuma an riga an buga, sai janyewa: a bar muƙalar a wurinta da tambarin an janye, a buga sanarwa mai faɗin dalili. Abin da aka saba yi a nan, a sulale a goge fayil daga shafi a yi shiru, bai wanke komai ba, tunda kwafin yana nan cikin fayil ɗin ƙarin girma.

Muƙalar da aka ciro daga kundin marubucin kansa takan ba da kashi mai yawa idan kundin yana intanet. Wannan ba laifi ba ne muddin ya faɗa tun farko, sai edita ya cire wannan majiya ɗaya ya sake duba sauran. Laifin shi ne a yanka bincike ɗaya gida huɗu a raba wa mujallu huɗu, ko a tura muƙala ɗaya wuri biyu a lokaci guda. Na biyun manhajar ba za ta gani ba, domin babu wadda aka buga tukuna.

Manyan cututtukan ma ba ta san da su ba. Alƙaluman da aka zauna a ɗaki aka cike, takardun tambaya 400 da hannu ɗaya ya amsa, hoton gwaji da aka juya aka sake amfani da shi, duk sabon rubutu ne a wajenta. A 2023 an janye muƙalu fiye da 10,000 a duniya, sama da 8,000 daga mujallun Hindawi, kamfanin da Wiley ya saya, kuma tushen abin masana'antun sayar da muƙala ne da tantancewar bogi. Haka batun "sa sunana, ni ma zan sa naka", da sunan shugaban sashe da ke hawa kowace muƙala don girmamawa. Ƙa'idar ICMJE, kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya, sharuɗɗa 4 ta gindaya kafin a sa sunan mutum cikin marubuta, kuma sai an cika su duka: hannu sosai a tsara binciken ko tattara bayanai ko nazarinsu, hannu a rubutu ko gyaransa na ilimi, amincewa da sigar ƙarshe, da yarda a ɗauki alhakin aikin. Wanda ya biya kuɗin bugawa ko ya ba da ɗakin gwaji, wurinsa sashen godiya. Maganin wannan fom ne mai shafi ɗaya, kowane marubuci ya rubuta abin da ya yi ya sa hannu. Binciken da ya shafi marasa lafiya kuma a nemi lambar amincewar kwamitin ɗa'a da kwafin takardar, kamar yadda kundin ƙa'idar binciken lafiya na ƙasa na 2007 ya tanada.

Ta fuskar kuɗi, marubuci ɗaya da zai sayi duba guda kai tsaye daga iThenticate zai biya dala 100 ko fiye, abin da ba ya yiwuwa ga mai albashin naira. Hanyar da ta dace da mujalla ita ce Crossref. Har zuwa 2025, kuɗin zama mamba na ƙaramin mawallafi dala 275 ne a shekara, lambar DOI, wato lambar shaida ta dindindin da ake ba muƙala a intanet, ta sabuwar muƙala dala 1, Similarity Check kuma ƙarin kashi 20 na kuɗin mamba ne, sannan kowace muƙala da aka duba ƙasa da dala 1. Sharaɗin shi ne mujalla ta buɗe wa manhajar cikakken rubutun aƙalla kashi 90 na abin da ta yi wa rajista. Makaranta ɗaya tana iya yin mamba guda ta rufa wa mujallunta duka, kuma masu amfani da OJS, manhajar gudanar da mujalla a intanet, suna iya haɗa shi da shafinsu, rahoto ya riƙa zuwa wa edita ba tare da fayil ya bar hannunsa ba. Wahalar da ke ciki biyan dala ce da katin banki, don haka a sa ta cikin kasafi tun farkon shekara, musamman mujallun da ke samun tallafin TETFund. Akwai kuma EagleScan, wadda Kwamitin Shugabannin Jami'o'in Nijeriya ya ƙaddamar a 2021 da nufin tara ayyukan cikin gida. Ƙarfinta zai kasance gwargwadon abin da makarantu suka zuba mata, kuma inda ake da ita ya kamata a gwada muƙala a duka biyun.

Wancan sharaɗi na kashi 90 alheri ne a gare mu, domin shi zai sa tsofaffin fitowar mujallunmu su shiga rumbun da ake gwadawa da shi. Aikin ba na dare ɗaya ba ne: a nemo kwafi mai tsabta na kowace fitowa, a ɗauke shi da sikana, a bi shi da manhajar da ke mayar da hoto rubutu, a sa mai jin Hausa ya gyara haruffa masu lanƙwasa da hannu inda ta kasa, a raba kowace muƙala a fayil ɗinta, sannan a yi mata DOI. Mujallar da ke fita sau biyu a shekara da muƙala 15 a kowace fitowa tana da muƙala 300 na shekara 10, kuma Crossref tana rage kuɗin rajistar tsofaffin muƙalu ƙasa sosai da na sababbi.